Kwana Uku na Garehul: Nazarin Lamarin Matar da Ta Kusa Rasa Ƙafarta Wajen Rage Ƙiba

A watan Nuwamba na shekarar 2008 wata mata mai shekara 42 ta isa sashen agajin gaggawa na wani asibiti a garin Olimpiya, hedikwatar jihar Washinton da ke arewa maso yammacin Amurka, tana tafiya da ƙyar, numfashinta yana sarƙewa, jiri kuma yana ɗibarta. Ta shaida wa likitoci cewa kwana ɗaya kafin nan ta yi tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi a mota, bayan ta sauka sai ta ji ciwo ya taso mata daga ƙugu, ya bi ta gefen hagu ya sauka har idon sawu. Haka ta kwana da shi. Da gari ya waye ƙafar hagun ta riga ta sauya launi, ta yi shuɗi mai duhu kamar an tsoma ta a marina.

Hoton sikanin da aka ɗauka ya nuna gudan jini ya daskare a cikin manyan jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya, kuma daskarewar ta miƙe tun daga kwatangwalo har sha-raɓa. Haɗarin irin wannan hali kashi biyu ne. Idan jini yana shiga ƙafa amma ba shi da hanyar fita, sai ƙafar ta cika ta kumbura har matsin ya hana sabon jini shigowa, daga nan naman ya fara mutuwa yana ruɓewa, abin da kan kai ga yanke ƙafar. Na biyu kuma, wani ɓangare na gudan jinin yana iya ɓallewa ya bi jijiya ya ratsa zuciya ya toshe hanyar jini a huhu, wanda ke iya kashe mutum cikin mintuna. Saboda haka likitocin ba su tsaya ga maganin tsinka jini kaɗai ba: sun zura siririn bututu cikin jijiyar, suka riƙa zuba maganin narkar da gudan jini kai tsaye a wurin da ya toshe, har hanyar ta buɗe.

Da gudan jinin ya narke sai wani abu da yake ɓoye ya bayyana. Babbar jijiyar da ke kwaso jinin ƙafar hagu ta tsuke a can cikin ƙugu, daidai inda jijiyar da ke kai jini ƙafar dama take giciyewa ta samanta tana danne ta da ƙashin baya. Wannan yanayi na halitta sananne ne, likitoci biyu masu suna May da Thurner suka bayyana shi a 1957 bayan sun same shi a kusan kashi 22 cikin ɗari na gawarwakin da suka bincika, kuma mafi yawan masu ɗauke da shi suna rayuwa har su tsufa ba su taɓa sanin suna da shi ba. Gwajin jini ya ƙara fito da wani sirrin: matar ta gaji wani sauyi a ƙwayoyin halittarta da ake kira Factor V Leiden, da sunan garin Leiden na ƙasar Holan inda aka gano shi a 1994. Mai wannan gado jininsa ya fi saurin daskarewa, kuma ana samunsa a kusan mutum 5 cikin 100 na masu asalin Turai. Bayan wannan, tana da 'yar ƙiba, tana kuma shan ƙwayar tazarar haihuwa mai ɗauke da sinadarin istirojin, wanda shi kansa yana ninka haɗarin daskarewar jini sau uku zuwa huɗu. Binciken da aka yi a Leiden ya nuna cewa idan wannan ƙwaya ta haɗu da wannan gado a jikin mace ɗaya, haɗarin yakan haura sau talatin idan aka kwatanta da macen da ba ta da ko ɗaya daga cikinsu.

Duk waɗannan abubuwa sun daɗe a jikinta. Da tsukakkiyar jijiyar ta girma, gadon jinin tun a ciki ta zo da shi, ƙwayar kuma ba a ranar ta fara sha ba, sannan zaman awa ɗaya da rabi a mota ba wata doguwar tafiya ba ce. Tambayar da ta tsaya wa likitar da ta jagoranci rubuta rahoton, Dokta Lucinda Grande, da abokan aikinta ita ce me ya sa sai a wannan makon. Amsar da suka samu ta fito ne daga tambayar abin da take ci. Kwana uku kafin ciwon ya tashi, matar ta shiga wani tsari mai tsanani na rage ƙiba wanda ya ƙunshi cin giram 225 na garehul, wani ɗan uwan lemu, kowace safiya, alhali a da ba kasafai take cin wannan ɗan itace ba. Mujallar likitoci ta The Lancet ta buga rahoton a watan Afrilu na 2009.

Ya kamata a tsaya a kan tsarin kansa, domin ba matar ce ta ƙirƙiro shi ba, kuma ya girme ta nesa ba kusa ba. Garehul ɗan uwan lemu ne mai ɗaci-ɗaci da tsami, wanda ya samu a tsibirin Babados a ƙarni na 18 daga auren lemun zaƙi da wani babban lemu na Asiya, daga baya jihohin Fulorida da Tekzas da Kalifoniya suka mayar da shi amfanin gona na kasuwa. Wajen shekarun 1930 aka fara yayata tsarin rage ƙiba da shi a Amurka, ana danganta shi da taurarin fim na Hollywood, kuma tun daga lokacin yake ɓacewa ya sake dawowa da sabon suna. An daɗe ana rarraba shi a takarda da sunan Asibitin Mayo, duk da cewa asibitin ya sha nesanta kansa da shi. Samfurin da ya fi yaɗuwa na kwana 12 ne: rabin garehul ko kofin ruwansa kafin kowane abinci, ƙwai biyu da ɗan nama da safe, nama da ganye da rana da dare, baƙin kofi ko shayi ba sukari, babu burodi, babu shinkafa, babu dankali. Wasu samfuran ba sa wuce kalori 800 a yini, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Alkawarin da ake yi shi ne raguwar fam 10, wato kimanin kilo 4 da rabi, kafin kwanakin su cika, dalilin da ake kawowa kuma shi ne wai garehul yana ɗauke da wani sinadari mai ƙona kitse.

Lissafi kaɗai ya isa ya karya wannan alkawari. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700, don haka narkar da kilo 4 da rabi na kitse yana buƙatar giɓin kalori kusan 35,000, wanda idan aka raba shi kwana 12 zai ba da kusan 2,900 a kowace rana. Matsakaiciyar mace kuwa abin da jikinta ke ƙonawa a yini bai wuce wajen 2,000 ba, ma'ana ko da ta daina cin komai gaba ɗaya ba za ta cimma wannan adadi ba. Amma sikeli yana sauka da gaske a kwanakin farko, kuma a nan ne mutane ke ruɗuwa. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kusan rabin kilo, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da kimanin giram uku na ruwa. Da zarar an yanke abinci mai sitaci sai jiki ya cinye ajiyar, ruwan ya fita ta fitsari, hanji ma ya yi sauƙi saboda ƙarancin abin da ke cikinsa, mutum ya hau sikeli ya ga kilo biyu sun tafi. Ranar da ya koma cin shinkafa ajiyar za ta cika, ruwan ya dawo. Wanda ya matsa ya ci gaba da yunwar kuwa, tsoka zai fara asara tare da kitsen, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa saurin ramewa fiye da kilo ɗaya da rabi a mako yana ƙara yiwuwar samun tsakuwa a matsarmama.

Masu tallar tsarin sukan kafa hujja da wani bincike na gaskiya, don haka adalci ne a kawo shi yadda yake. A 2006 Dokta Ken Fujioka na Asibitin Scripps da ke Kalifoniya ya buga sakamakon gwaji a kan mutum 91 masu ƙiba na tsawon mako 12. Waɗanda suka riƙa cin rabin garehul kafin abinci sau uku a rana sun rage kilo 1.6, masu shan ruwansa kilo 1.5, waɗanda aka bai wa ƙwayar da ba ta ɗauke da komai kuma kilo 0.3. Bambanci ne na gaske, amma kilo ɗaya da rabi ne a wata uku, ba kilo huɗu da rabi a kwana 12 ba. Abin da ya fi wannan bayyana gaskiya shi ne gwajin Jami'ar Vanderbilt da aka buga a 2011, inda aka raba mutum 85 masu ƙiba gida uku, dukkansu an rage musu yawan abinci: wasu suna cin garehul kafin abinci, wasu suna shan ruwansa, wasu kuma ruwa zalla suke sha. Gaba ɗaya sun rage kimanin kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, kuma babu wani bambancin a zo a gani tsakanin gidajen uku. Masu ruwa zalla sun rame daidai da masu garehul. Wannan ba abin mamaki ba ne, tunda kusan kashi 90 cikin ɗari na ɗan itacen ruwa ne, aikinsa kawai ya cika ciki kafin a kai hannu kwano. Ke nan amfanin da matar Olimpiya take nema daga giram 225 ɗin nan, kofin ruwa zai iya ba ta shi.

Abin da kofin ruwa ba ya yi, garehul kuma yake yi, shi ne taɓa magani. An gano wannan ne ba da niyya ba a 1989 a garin Landan na lardin Ontariyo a Kanada, inda masanin magunguna David Bailey yake shirya gwaji a kan yadda barasa ke shafar wani maganin hawan jini mai suna felodifin. Yana buƙatar abin da zai ɓoye ɗanɗanon barasar don kada waɗanda ake gwajin a kansu su gane abin da aka ba su, sai wani daren Asabar ya bi duk ruwan 'ya'yan itacen da ke cikin firjin gidansa yana ɗanɗanawa, ya ga na garehul ne kaɗai ya rufe ɗanɗanon. Da sakamako ya fito, yawan maganin a jinin mutanen ya zarce abin da ake tsammani ninkin ba ninkin. Ya sake gwadawa a jikinsa, sau ɗaya da ruwa sau ɗaya da ruwan garehul, ya tarar maganin ya ninka kusan sau biyar a jininsa. A 1991 aka buga binciken, a wannan mujalla da daga baya ta ɗauki labarin matar.

Yadda abin ke faruwa shi ne, a bangon ƙaramin hanji akwai wani sinadari da masana ke kira CYP3A4, wanda ke rusa wani kaso na magunguna da yawa tun kafin su shiga jini. Masu haɗa magani sun san da wannan asara, da ita suke yin lissafin yawan abin da za su sa a kowace ƙwaya. Garehul yana ɗauke da wasu sinadarai da ake kira furanokumarin, waɗanda ke lalata wancan mai gadin ƙofar hanjin baki ɗaya, sai jiki ya ƙera sabo, aikin da kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. Saboda haka dabarar cin garehul da safe a sha magani da dare ba ta tserar da kowa, kuma mai ci kullum yana rusa sabon da jiki ya ƙera tun bai fara aiki ba. Ƙwaya ɗaya sai ta yi aikin uku ko biyar. A bitar da Bailey da abokansa suka fitar a 2012 sun lissafa magunguna sama da 85 da garehul ke shafa, 43 daga ciki suna iya jawo mummunar illa, alhali a 2008 guda 17 ne kawai a wannan rukuni. Misalin da ya fi tayar da hankali shi ne simbastatin, maganin rage kitsen jini: kofi ɗaya na ruwan garehul a rana na kwana uku yana ninka shi a jini sau uku da ɗoriya, yawansa kuma yana iya narkar da tsoka har ƙoda ta gaza. A jerin akwai nifedifin na hawan jini, da amiyodaron na bugun zuciya, da magungunan da masu dashen ƙoda ke sha. Istirojin ɗin da ke cikin ƙwayar tazarar haihuwa shi ma ta wannan ƙofa yake wucewa, kuma a nan likitocin Olimpiya suka ɗora zatonsu: safiya uku na garehul sun ƙara yawan istirojin a jinin da dama yake gab da daskarewa.

A nan dole a yi hattara da hukunci. Rahoton mutum ɗaya ne, kuma rahoton mutum ɗaya yana nuna abin da ya zo kafin wani abu ne, ba ya tabbatar da cewa shi ya haddasa shi. Marubutan da kansu cewa suka yi mai yiwuwa garehul ne ya rinjayar da ma'aunin, ba su ce shi kaɗai ne sanadi ba. Ƙaruwar istirojin da aka auna a gwaje-gwajen ruwan garehul matsakaiciya ce, ba ta kai ta felodifin ko simbastatin ba, kuma macen da ta haɗa tsukakkiyar jijiya da gadon saurin daskarewar jini da ƙwayar istirojin da ƙiba tana iya wayar gari da irin wannan ƙafa ko da ba ta taɓa ganin garehul ba. Halin jikinta ya yi kama da na mai neman kuka da aka jefa da kashin awaki. A nawa ganin, garehul shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abubuwan da suka taru a kanta, kuma ba daidai ba ne a tsorata masu lafiya da ba sa shan magani daga ɗan itace mai bitamin C da amfani. Abin da ke damuna a wani wuri yake. Ƙwayar tazarar haihuwa likita ne ya rubuta mata, an auna amfaninta da haɗarinta, kuma tana yin aikin da aka sha ta dominsa. Tsarin garehul kuwa babu wanda ya auna mata shi, ya shigo da wani haɗari komai ƙanƙantarsa, a madadin amfanin da bai wuce na ruwa ba. Takardar irin wannan tsari iri ɗaya ce ga kowa: tana faɗin giram nawa da kwana nawa, amma ba ta da gurbin tambayar wane magani mai karatu yake sha, ko akwai wanda jini ya taɓa daskare wa a danginsa. Ana kuma karɓarta ba fargaba saboda an ji sunan ɗan itace, abin da Allah ya halitta, sai a ɗauka ba ya cutarwa komai yawansa.

Gadon Leiden ba kasafai ake samunsa a 'yan Afirka ba, garehul ma ba shi ne lemun da ya fi yawa a kasuwanninmu ba, amma lamarin yana da igiyoyin da suka iso gare mu kai tsaye. Takardar da ke cikin kwalin Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro da kusan kowane gida ya sani, ta yi gargaɗin a guji ruwan garehul yayin shan maganin, domin sinadaransa ta waccan ƙofar hanjin suke bi. Nifedifin kuma yana cikin magungunan hawan jini da ake rubutawa a asibitocinmu. Sannan lemun tsami, wanda shi ne ginshiƙin yawancin haɗin rage tumbi da ake turawa a zaurukan WhatsApp, yana ɗauke da dangin waɗancan sinadarai na furanokumarin, saɓanin lemun zaƙi da ba ya cikin wannan zargi. Ɗan matsi a kunu ko a kan gyaɗa ba abin damuwa ba ne, amma matse lemun tsami da yawa a kofi kowace safiya na tsawon makonni wani adadi ne daban, wanda ya kamata mai shan magani na dindindin ya ambata wa likita ko mai harhaɗa magunguna kafin ya fara. Waɗanda aka fi yi wa tallar irin wannan haɗi su ne masu jego, kuma makonni shida na farko bayan haihuwa na daga cikin lokutan da jinin mace ya fi saurin daskarewa a duk rayuwarta. Mai jegon da ƙafarta ɗaya ta kumbura, tana ciwo ko ta sauya launi, ko numfashinta ya sarƙe ba dalili, asibiti ya kamata a kai ta a ranar, ba a tsaya gashi da ruwan zafi ko matsa ƙafar ba.

Ita matar Olimpiya ta tsira da ƙafarta. Likitocin sun sanya ɗan bututun raga na ƙarfe a cikin tsukakkiyar jijiyar don ya riƙe ta a buɗe, suka ɗora ta a kan maganin tsinka jini, aka kuma dakatar da ƙwayar mai istirojin. Bututun zai zauna a ƙugunta har ƙarshen rayuwarta, gadon Leiden ma yana nan a jininta, wanda ke nufin duk wata tiyata ko doguwar tafiya da za ta yi nan gaba sai an yi lissafi da shi.